Ashe ɗakin da nike ɓoye ɗana ciki ne ke sa mashi tari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in rubuta wanga labari, duk sanda na ɗauko waya sai in ji zuciyata ta yi nauyi in aje, yau dai da na ga hadari ya fara haɗowa gabas na ce bari in daure, dan na san akwai mata da yawa cikin garin nan na Maradi da ke kwana irin ɗakin da na yi shekara 7 ciki, suna ta jigilar yara zuwa likita ba su san daga ina ciwon ke fitowa ba.

Ni 2017 aka kawo ni gidan mijina. Gidan gado ne cikin tsohuwar unguwa, ɓangaren da gari ke gangarawa wajen gulbi, kakan maigida ne ya gina shi. Tsofaffi na faɗa mana asalin Maradi can ƙasa take cikin fadama bakin gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta ci gari sannan aka hau da mutane tudu aka yanka masu filaye, to gidanmu na cikin na wancan zamani. Tun daga sannan duk wanda Allah ya hore mashi sai ya zuba jar ƙasa ƙofar gidanshi dan ruwa ya wuce na maƙwabci, hanya ta yi ta hawa, tsakar gida ma aka yi ta ciko, amma ɗakuna suna nan inda kaka ya bar su. Ɗakina sai ka sauka taki biyu kafin ka taka daɓe. In kana tsaye ciki, ƙasar lungun da ke bayan ɗakin tana daidai gwiwarka, wato kusan rabin mita na bangon nan cikin ƙasa yake binne.

Gaskiya da farko na so ɗakin sosai. Watan 4 da watan 5 lokacin da zafi ke wuce 40, kowa na neman inda zai sa kanshi, nawa ɗakin sanyi kaman cikin randa, har facalolina ke zuwa su shimfiɗa tabarma su yi barcin rana. Ginin ƙasa ne amma da za a kawo ni aka shafe shi da siminti ciki da waje aka buga fentin mai shuɗi, aka shimfiɗa ledar ɗaki aka ɗora kafet bisa. Taga ɗaya ce 'yar ƙarama mai kallon lungu, ita ma na toshe ta da kwali na saki labule mai kauri, saboda sauro da ƙura da yaran da ke leƙe.

Daminar farko na fara ganin abubuwa amma ban ɗauke su komi ba. Fenti ya riƙa kumbura daga ƙasa kaman ƙunar ruwan zafi, in ka danna da yatsa sai ya fashe wani farin gari kaman kanwa ya zubo. Gishirin da ke cikin kwano ya zama ruwa-ruwa, Maggi ya yi laushi cikin takardarshi, ashana sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Takalmin fata na maigida da yake sawa ran Juma'a kawai, sati ɗaya ƙarƙashin gado sai ka tarar ya yi funfuna kore-kore. Atamfofin lefena da ban ma ɗinka ba, na buɗe akwati wata rana na ga ɗigo-ɗigo baƙi cikin ninki, wankin duniya bai fidda su ba. Ranar wani suna ƙanwata ta jawo ni gefe ta ce Yaya ki yi haƙuri, kayanki warin tsohuwar rijiya suke. Ni hancina ya riga ya saba, ban ji. Abun da na yi sai na ƙara turaren wuta, safe da yamma.

Ɗana na biyu 2019 na haife shi, cikin ɗakin nan ya yi wayo. Yana cika shekara biyu tari ya fara, kuma tarin nashi na da lokaci, da rana yana wasa tsakar gida ras kaman ba shi ba, dare na rabawa wajen ƙarfe biyu zuwa asuba sai ya tashi. Wallahi har yanzu in na tuna sautin nan sai tsikar jikina ta tashi, ƙirjinshi na fito siriri kaman kukan ɗan kyanwa, ramin wuyanshi na lotsawa duk jan numfashi, haƙarƙari na fitowa ɗaya-ɗaya, ya kasa kwanciya sai in zaunar da shi bisa cinyata in jingina da bango har a kira salla. Bangon da nike jingina da shi ɗin nan sanyi ƙalau yake, rigata har laima take yi ta baya.

Kowa ya gani sai ya ce sanyi ne ya kama shi, a rufe shi. To na rufe. Na ƙara toshe tagar, na sa tsumma ƙarƙashin ƙofa, na sa mashi rigar sanyi da hula ko da watan 8 ne. Da magariba in kunna maganin sauro mai hayaƙin nan mai nannaɗe kaman gammo in rufe ɗaki dan ya kama da kyau, in zuba turare, in sanyi ya yi in shigo da kaskon gawayi. Duk abun nan da soyayya na yi shi, Allah shaida, amma yau na san hayaƙi uku nike tara ma yaro mai ciwon ƙirji cikin ɗakin da iska ba ta da hanyar fita, kuma wannan shi ne abun da ya fi ci mani rai cikin labarin duka. Likita kuwa mun je ba adadi, siro bayan siro, ordonas bayan ordonas, ya yi sauƙi kwana goma ya dawo. Inna, uwar maigida, ita ma ba ta zauna ba, rubutu da addu'a duk ta nemo ma jikanta.

Kaskon gawayin ma ya so ya kai mu lahira gaba ɗaya. Cikin hunturu ne farkon 2023, na shigo da shi garwashin bai gama ja ba na rufe ƙofa muka kwanta ni da yara, maigida ya yi dare wajen shago. Da ya shigo ya ce ya yi ta tada ni da ƙyar na buɗe ido, kaina kaman ana sara da gatari, na miƙe jiri ya maida ni, babbar ɗiyata ta yi amai. Shi ya kwashe mu waje ya yi jifa da kaskon tsakar gida. Daga baya na samu bayani cewa gawayi in yana ci inda iska ba ta isa, yana fidda wata iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta tare wurin iskar da muke rayuwa da ita, mutum yana barci ya wuce. Irinta ce injin janareta ke fiddawa. Daga ranar na bar shigo da wuta, amma tagar ban buɗe ba, har lokacin ban haɗa tarin da ɗakin ba.

Sai daminar 2024, wadda duk ɗan Maradi ba zai manta ba. Ƙarshen watan 8 aka yi ruwan nan da ya sauko kaman da bakin ƙwarya, cikin abun da bai kai awa biyu ba gari ya zama gulbi, gidaje suka faɗi, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A shekarar har komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen watan 10 a ƙasa duka. Mu Allah ya tsare ginin bai faɗi ba amma ruwan tsakar gida ya bi takin nan biyu ya sauka ɗakina kaman an buɗe pampo, kafin mu kwashe yara ya kai ƙwauri. Inna ta ce ku dawo ɗakina. Nata yana wajen zaure, an sake gina shi da bulo shekarun baya, yana bisa, taga biyu gare shi masu kallon juna.

Sati uku muna can sai wata asuba na farka firgigit dan ban ji tari ba, na kai hannu ƙirjin yaron in ji ko yana numfashi. Barci yake, baki buɗe, lafiya lau. Na lissafa sai na ga ya kwana biyar bai tashe ni ba, kuma tsakiyar damina, ana ruwa, ba rigar sanyi ba hula.

Da muka koma likita na faɗa ma lokotoron, wata mata ce mai natsuwa. Ta aje biro ta ce, Madam, da can ina yake kwana? Na kwatanta mata. Ta ce bangon na jiƙa? Akwai wari? Kuna kunna wani abu ciki? Ina ba ta amsa ina jin kunya na rufe ni. Ta ce ɗanki fuka gare shi, asma, kuma ba ke kika sa mashi ita ba, amma ɗaki mai laima yana tada ta. Ta yi mani bayani funfuna abu ne mai rai, yana sakin 'ya'ya ƙanana da ido ba ya gani cikin iska, yaro na shaƙa hanyoyin numfashinshi su kumbura su tsuke, sannan akwai wasu ƙwari ƙanana ƙwarai da ke zama cikin katifa da kafet da matashi, su ma laima ce abincin ransu. Ta ce hukumar lafiya ta duniya tun 2009 ta fidda takarda musamman kan laima da funfuna cikin gidaje saboda yadda suke haɗe da tari da fuka. Ta rubuta mashi abun shaƙa, Ventoline, ta koya mani yadda ake bugawa, ta ce amma in kika maida shi ɗakin nan yadda yake, za ki yi ta dawowa.

Ranar da muka je kwashe kaya, maigida da ƙanenshi suka jawo armuwar, wato kabad ɗin kaya, da ba a taɓa motsa ta ba tun ranar jere. Bayanta baƙi ƙirin tun daga ƙasa har kusan ƙirjina, wani wuri kaman gashi-gashi, katakon bayan ya ruɓe yana ɓarewa a hannu. Muka ɗaga ledar ɗaki, ƙarƙashinta ruwa ne kwance mai yauƙi da wari, ba na ambaliya ba ne kaɗai dan simintin wajen har ya canza launi. Katifar yaron da na juya, gefen da ke manne da bango ya yi tabo-tabo. Nan kanshi yake duk dare. Na zauna bakin ƙofa na yi kuka mai isata.

Maigida ya kira wani tsohon magini da ya san gidan tun yana yaro. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango da ƙotar cokalin gini, wani wuri na amsawa kaman ganga. Maigida ya ce Baba ni dai a sake shafe shi da siminti mai ƙarfi a buga karo, wato tayil, har sama. Tsohon ya girgiza kai ya ce ɗana, in ka yi haka kuɗinka ka zubar. Ya ce ka taɓa tsoma gefen ƙwarar sukari cikin shayi? Ka ga yadda shayin ke hawa da kanshi? Haka bango ke shan ruwan ƙasa, yakan hau kusan mita ɗaya, ya taho da gishirin ƙasa, shi ne farin garin da kuke gani. Ginin ƙasa in an bar shi yana sha yana fitarwa, amma kun sa mashi siminti da fentin mai ciki da waje, ruwa ya shiga ta ƙasa ya rasa ƙofa, sai ya ƙara hawa, ƙasar ciki ta yi laushi, irin haka ne bango ke zama wata rana ba sallama. Ni da na ji haka sai na tuna dare nawa muka kwana gindinshi.

Ya sa aka yanko leda, ya manna ɗaya a daɓe ɗaya a bango, ya liƙe gefunan da sikoci ya ce kar a taɓa sai jibi. Ya ce in raɓa ta taru bisa ledar, iskar ɗakin ce ke da laima, in ta taru ƙarƙashi, daga ƙasa take tasowa. Da aka ɓare duka biyun ƙarƙashi ne ya jiƙe sharkaf.

Sannan ya kai mu bayan ɗaki ya nuna mana da sanda. Indararo gajere ne, duk ruwan rufi gindin bango yake zuba, har ya yi rami. Ramin ruwan wankan gidan taki ɗaya ne tsakaninshi da ɗakin, shekara da shekaru yana tsuma wajen rani da damina. Ga ƙasar lungu ta karkato wajenmu, ga shi bangon gabas ne, inda ruwa da iska ke fara duka. Ya ce ku fara da waje, wanda bai kori ruwa daga gindin bango ba duk abun da ya yi ciki kwalliya ce.

Aikin ya ci kuɗi, ba zan ɓoye ba. Na saida tunkiyata da 'ya'yanta biyu, na haɗa da kwasar adashe, maigida ya kawo nashi, Allah ya taimaka lokacin gwamnati ta rage kuɗin siminti bayan ambaliyar. Aka cike ramin wanka aka gina wani nesa, aka sa tiyo aka sauko da ruwan indararo aka kai shi hanya, aka yi dakali bayan ɗaki mai gangara waje. Ciki kuma aka fasa shafen siminti daga ƙasa zuwa sama da inda laimar ta tsaya, aka bar bangon tsirara iskar hunturu ta yi ta bugunshi daga watan 11 har watan 2. Maigida ya ƙosa, tsohon ya ce bango mai kauri ba ya bushewa da gaggawa, in ka rufe shi da ɗanyen ciki ka koma gidan jiya. Bayan nan aka ciko ɗakin da tsakuwa da rairai har ya zo daidai da tsakar gida, aka shimfiɗa leda mai kauri, aka zuba daɓe bisa, dole aka ɗaga ƙofa dan ta yi gajarta. Bango aka yi mashi yaɓe aka shafa farar ƙasa, ba fentin mai.

Wankin kayan ni na yi, kuma a nan ina roƙon mata ku kula. Kar ki kankare funfuna a bushe, tashi yake ya cika iska. Na fidda yara gidan, na ɗaure hanci da takunkumi na sa safar hannu, na wanke abun da ke wankuwa da ruwa da sabulu, na bi da ruwan jabel, wato bilic mai sa kaya fari, da aka surka, na shanya a rana sosai. Jabel kuma ba a haɗa shi da wani maganin wankin masai, haɗin na fidda iska mai ƙona ƙirji. Kafet da katifar soso da armuwar duk na haƙura da su, soso in funfuna ya shige cikinshi ba ya fita. Lokotoron ta ce mani abu in ya jiƙe bai bushe ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu, funfuna ya samu wurin zama, shi ya sa yanzu ko ruwa yaro ya zubar bisa shimfiɗa ba na barin shi ya kwana.

Inda aka ɗan samu saɓani shi ne taga. Tsohon ya ce a faɗaɗa ta lungu a ɗaga ta sama, a fasa wata ta tsakar gida dan iska ta shiga nan ta fita can. Inna ta ce ita ba ta yarda ba, yaro mai ciwon sanyi za a buɗe ma iska ta ko'ina. Na durƙusa na ce Inna ki gafarce ni, wata shida ke nan yana kwana ɗakinki tsakanin taga biyu, sau nawa kika ji shi? Ta yi shiru can ta ce haka ne ɗiyata, ku fasa, amma a sa waya saboda sauro. Aka sa raga, muka koma gidan sauro, na bar kunna na hayaƙi. Turaren wuta ina son abuna har gobe, sai dai tsakar gida nike turara kaya yanzu, in yaron ya tahi makaranta.

Ƙanen maigida ya kawo mani wani ɗan agogo daga Kano mai nuna zafi da yawan laimar iska, ya ce a yi ƙoƙari kar lissafin laimar ya daɗe sama da kashi 60 cikin ɗari. Da hunturu yana sauka ƙasa sosai, sannan kuma ƙura ce abokiyar faɗa, sai in rufe tagar da iska ke bugowa, in yayyafa ruwa kafin shara, in goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓa. Da damina kuwa watan 8 yakan haye 70 ko mi na yi, dan iskar garin ce duka haka, abun da nike iyawa shi ne da rana ta fito in buɗe tagogi da ƙofa in kunna bantilater in akwai wuta, in fidda katifa da matasai su sha rana, ba na shanya wanki cikin ɗaki ko ana ruwa, gado da akwatuna kuma na janye su daga bango kaman tafin hannu, akwatunan bisa benci suke ba ƙasa ba.

Daminar 2025 muka yi ta cikin ɗakin. Ba zan ce maku ya warke ba, fukar na nan, Ventoline na cikin jakata duk inda za mu, kuma muna komawa likita in lokaci ya yi. Amma damina duka sau uku na buga mashi, yaron da da can sati ba ya fita ba mu kwana zaune ba. Ya yi ƙiba, yana buga ƙwallo lungu har sai na fita na kamo shi.

Saura kusurwa ɗaya ta arewa da muka haɗa bango da maƙwabta, can har yanzu tana ɗan yin duhu in ruwa ya yi yawa dan nasu ruwan wankin nan yake kwanciya. Na ja layi da fensir daidai inda laimar ta tsaya bara, ina dubawa duk bayan ruwa in ga ko ta wuce. Maigida ya yi magana da mai gidan sun shirya za su haɗa kuɗi su ja 'yar kanibo, wato magudanar ruwa, zuwa bakin hanya, an ma kawo rairai yana nan jibge ƙofar gida, magini ya ce ran Asabar in Allah ya kai mu zai fara.